Tafiyar keke ta cikin ƙauyuka a wannan bazarar, Takai zuwa Birnin Kudu

Ɗan Takai:
Slm jama'a, don Allah ina neman shawara. Na sayi keke na hannu mai giya, irin masu faɗin tayar nan na hawa duwatsu, to ina so ranar Asabar in tashi daga nan Takai in je Birnin Kudu in ga zanen da ke jikin Dutsen Habude in dawo a ranar. Amma ba ta kwalta ba, tirelolin hanyar Kachako ɗin nan ba sa ganin mai keke wlh, ta hanyoyin gona da burtali nake son bi. Matsalar ranar nan ce, Afrilu kun san yadda take. Zai yiwu kuwa ko ganganci ne?

Baba Mai Faci:
Wa alaikumussalam yaro. Kafin rana ta dame ka tsidau zai fara. Yanzu gonaki fayau suke an kwashe komai, 'ya'yan tsidau sun bushe sun zube cikin ƙasa ba ka ganinsu sai dai ka ji taya ta yi laushi, ga ƙayar aduwa da bagaruwa a bakin burtali. Ka je wajen mai faci ya samo tsohon tub ya tsaga shi ya shimfiɗa maka tsakanin taya da sabon tub ɗin, keken zai ɗan ƙara nauyi amma ƙaramar ƙaya ba za ta kai ciki ba. Ka riƙe tub guda na ajiya, da sholisho da faci da famfo, kuma in ka yi faci ka shafa yatsa cikin tayar a hankali ka zare ƙayar, yara da yawa sai su liƙe su mayar su bar ta a ciki, ko gona biyu ba su wuce ba ta sake sacewa. Sannan kar ka labta wa ceni baƙin mai, ƙura yake kamawa ta dinga cin haƙoran giya. Ka ɗiga kaɗan ka goge da tsumma.

Sadiq BKD:
Mu nan garin ne. Zai yiwu amma ka yi sallar asuba ka hau, kafin 11 ka tabbata kana ƙarƙashin inuwa, don wajen azahar zafin yana haura digiri 40 kuma dutsen kansa huci yake, ba ka iya dafa shi da hannu. Ka zauna ka sha fura, sai bayan la'asar ka juya. Ruwa kuma kar ka ce fiya wata biyu sun isa, a irin zafin nan kusan lita guda za ka sha duk awa, ka ɗaura galan a kariya. Cikin lita 1 ka zuba sukari ƙaramin cokali 6 da gishiri rabin ƙaramin cokali, ko ka sayi ORS a kemis. In ka ji jiri ko ciwon kai ko zufa ta ɗauke maka kawai sauka ka nemi bishiya ka jiƙa jikinka, ba wajen nuna jarumta ba ne.

Maman Ilham:
Ni dai ƙanina da ka haƙura sai kaka. Me ake ci ne da har sai yanzu?

Sadiq BKD:
Hajiya gaskiyarki, Nuwamba ta fi daɗi nesa ba kusa ba, amma in ya ce zai jira ruwan farko to laka ce da rafuka cike, gara yanzun. Af na manta, inda ka tarar da rairayi ka ɗan rage iskar taya ka sa ƙaramar giya, in ya ƙi ka sauko ka tura. Kuma duk ƙauyen da ka yada zango ka fara gaida mai unguwa, baƙo da jaka a baya yana bin daji shi kaɗai 'yan sintiri sai sun tare shi da tambayoyi, ka taho da katin shaidarka.

Ɗan Takai:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Baba gobe zan kai keken a saka tub ɗin. Sadiq wajen zanen sai da ɗan jagora ne ko kowa yana iya shiga?

Sadiq BKD:
In ka shigo gari ka yi min magana in haɗa ka da yaron da zai raka ka, ka dai riƙo masa na goro.