Wata huɗu ke nan barci ya ƙaurace wa idona, don Allah ku ba ni shawara

Mai tambaya, tela daga Kano:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah a sakaya sunana. Ni tela ne, shekarata 34, ina da mata da yara uku. Matsalata ta faro ne tun ɗinkin ƙaramar sallah. Duk wanda ya san sana'armu ya san yadda goman ƙarshe take: da an idar da tarawi sai mu hau keke, ba ma sauka sai sahur, tunda wutar ma da dare ake kawo ta. Abin da ke riƙe ni goro ne da Nescafe na mai shayin bakin layi. Kowace shekara haka muke yi, kuma da an sauko idi, kwana uku zuwa huɗu barcina ya dawo. Bana bai dawo ba. Babbar sallah ta zo ta ƙara ɗora min, ga shi yau wata huɗu.

Ina kwanciya goma da rabi, jikina duk a mace, amma da na ɗora kai a filo sai idona ya bushe ƙamas. Ina jin usur ɗin 'yan sintiri, ina jin tak-tak ɗin agogon bango. In duba waya, ɗaya saura. In sake dubawa, biyu da kwata. Sai in shiga lissafin awa nawa ta rage kafin asuba, gabana ya riƙa faɗuwa. Daga nan sai kuɗin haya, sai kuɗin makarantar yara, sai mutanen da suka karɓi ɗinki ba su cika ba. Wajen ƙarfe uku barci yake ɗan sace ni, a kira assalatu in farka. Idan na dawo daga masallaci in koma, sai sha ɗaya. Ina tashi kaina na sarawa, in watsa Panadol Extra biyu. Da la'asar gyangyaɗi ya kama ni a kan keke, in ɓare goro.

Shekaranjiya na yanka wa wani bawan Allah shadda gezna, hannun rigar ya gaza da inci biyu domin na karanta tef ba daidai ba. Shekara 15 ina wannan sana'a ban taɓa yin haka ba. Da na koma gida ƙaramar 'yata ta zubar da ruwa a tabarma, na daka mata tsawar da ta sa ta ruga bayan uwarta tana leƙena. Wannan ya fi shaddar yi min ciwo.

Wani mai kemis ya ba ni ƙwayar da ake ce wa D5. Sati biyu ke nan ina sha. Da farko rabi ma ta ishe ni, yanzu guda ɗaya ba ta kai ni asuba. Tsoro nake ji. Wanda ya taɓa shiga irin wannan, me ya yi ya fita?

Tsohon direban tirela:

Wa alaikumus salam. Ɗana, tun kafin kowa ya ce komai, ka ji ni a kan ƙwayar nan. Shekara 22 na yi ina jan mota daga Kano zuwa Legas. Da dare mu sha abin da zai buɗe ido, in mun isa mu sha abin da zai rufe shi. Da rabi na fara kamar kai. Na kai lokacin da uku nake haɗiya, kuma barcin da take sa ka ba ya wanke gajiya, ka tashi kamar an daka ka a turmi. Ranar da na ce na daina da ƙarfin tsiya, hannuna rawa ya riƙa yi, gumi na keto min, kwana uku ban runtsa ba. Sai da likita ya riƙa rage min kaɗan-kaɗan na rabu da ita. Kai sati biyu ne kawai, da sauƙi. Kada ka ƙara yawanta, kada kuma ka koma wajen mai kemis ɗin. Ka ɗauki kwalin ka tafi asibiti gobe, ba jibi ba.

Maman 'yan biyu:

Allah sarki. Ka gwada wanka kafin ka kwanta, ka sha madara mai ɗumi, a saki gidan sauro tun magariba. Ni yana min amfani. Ita kuma yarinyar ka kira ta ka ɗora a cinya ka lallashe ta, yara ba sa riƙo.

Wani ɗan'uwa:

Anya ba hannu aka sa maka ba? Sana'a ce fa, mahassada ba sa rasuwa. Ka nemi mai ruƙiyya.

Ma'aikaciyar jinya:

Malam tela, sannu. Na karanta bayaninka sau biyu, kuma kusan duk amsar tana ciki. Baba direba ya yi gaskiya. D5 ita ce diazepam, jiki na saurin sabawa da ita, ba a kuma yanke ta farat ɗaya ba tare da likita ya duba ba.

Abu biyu ne ke kawo barci. Na farko yunwar barci, wadda ke taruwa a ƙwaƙwalwa tun daga lokacin da mutum ya farka, kamar yadda yunwar abinci ke taruwa. Na biyu agogon jiki, wanda haske ke saitawa: hasken safiya ya ce masa gari ya waye, duhu ya sa a saki sinadarin melatonin mai jawo barci. Kai duka biyun ɗinkin sallah ya birkita maka. Wanda ya tashi sha ɗaya na rana, in ya kwanta goma da rabi na dare bai ma cika awa 12 a farke ba. Kamar wanda ya ci tuwo da la'asar ne aka sake ajiye masa wani da magariba. Kuma in ka lissafa, daga uku zuwa biyar, sannan daga shida zuwa sha ɗaya, awa bakwai ke nan, wato abin da babban mutum ke bukata. Barcinka bai ɓace ba, gurbi ya sauya.

Sai goro. Sinadarin kafin (caffeine), mai hana barci, da ke cikin Nescafe da shayi da lemukan ƙara kuzari, shi ne a cikin goro. Jiki na ɗaukar kimanin awa biyar kafin ya fitar da rabinsa. Goron ƙarfe biyar na yamma, rabin ƙarfinsa na nan a jininka ƙarfe goma, rubu'insa na nan har ƙarfe uku. Ka ga ya yi daidai da lokacin da kake samun barci. Abin da mutane da yawa ba su sani ba, kowace ƙwayar Panadol Extra na ɗauke da miligiram 65 na kafin, biyu sun fi kofi ɗaya na Nescafe. Shi kansa ciwon kan da kake tashi da shi yana iya zama jiki ne ke neman kafin ɗin. Kada ka yanke duka rana guda, kai zai sara maka na kwanaki. Ka fara da wannan: daga azahar ba goro, ba shayi mai ganye, ba Nescafe.

Abin da ya fi komai muhimmanci shi ne lokacin tashi, ba lokacin kwanciya ba. Barci ba a kama shi da ƙarfi, amma tashi yana hannunka. Ka tsayar da lokaci ɗaya kullum, har ranar Juma'a, ka fita waje hasken rana ya bugi idonka ko na minti 20 ne. Da dare kuma kada ka hau gado don agogo ya ce goma da rabi, sai ka ji ido na lumshewa, ko da ɗaya ta yi. In ka kwanta ka ji kamar minti 20 sun wuce ba labari, tashi ka koma falo ko tabarma a tsakar gida, cikin haske kaɗan, ka ja carbi, sai barci ya zo ka koma. Dalili kuwa, wata huɗu kana juyi a kan gadon nan, ƙwaƙwalwarka ta haɗa shi da fargaba, shi ya sa kana gyangyaɗi a kan keke amma da ka ga filo ido ya bushe. Agogon bangon nan ka cire masa batir ko ka mai da shi falo, wayar kuma ta kwana a wani ɗaki.

Wannan tsari ba ƙirƙirata ba ce. Yana cikin hanyar da likitoci ke kira CBT-I, kuma tun 2016 babbar ƙungiyar likitocin cikin jiki ta Amurka ta ce da shi za a fara yi wa babban mutum maganin daɗaɗɗen rashin barci, kafin a kai ga ƙwaya. Duk wanda ke fama dare uku a mako har wata uku, ya shiga wannan sahu.

In ka je asibiti a auna jininka. Ka tambayi maiɗakinka ko kana minshari mai ƙarfi har numfashi ya riƙa ɗaukewa. In kuma kana jin komai ya fita ranka, ko kana jin gara mutuwa, ka faɗa wa likita kai tsaye, ba abin kunya ba ne. A Kano akwai sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a asibitin Malam Aminu Kano, akwai kuma asibitin Dawanau. Zuwa can ba ya nufin mutum ya haukace.

Tela ɗan'uwanka daga Zariya:

Anti, da girmamawa, maganarki gaskiya ce amma akwai wuya. Mutumin da ya samu barci ƙarfe uku, ki ce kada ya koma bayan asuba? Awa biyu fa ke nan. Da almakashi da allurar keke yake aiki, ga babur zai hau. Yatsa zai ɗinke.

Ma'aikaciyar jinya:

Ka kyauta da ka tayar da wannan. Ban ce ya hana kansa gaba ɗaya tun ranar farko ba. Ya koma bayan asuba, amma maimakon sha ɗaya ya tashi tara, a tashe shi ko ba ya so. Bayan kwana uku ya dawo takwas da rabi, haka-haka har ya daina komawar. In rana ta yi masa nauyi ya yi ƙailula bayan azahar, minti 20 zuwa 30, kada ta wuce haka, kada kuma ta kai la'asar. Makon farko zai sha wuya, ba zan ɓoye masa ba. Ya bar yankan yadi mai tsada a kwanakin nan, ya kuma haƙura da babur in yana jin magagi. Mai farfaɗiya ko mai wata larurar ƙwaƙwalwa kuwa kada ya taɓa rage barcinsa sai da sanin likita.

Malamin Islamiyya:

Allah ya ba ka lafiya. Ga ɗan'uwan da ya ambaci sammu: ruƙiyya gaskiya ce, amma mutum na iya yi wa kansa, kuma bai kamata mu jefa masa zargin abokan sana'arsa ba alhali ga sababi a fili. Zargin ma wani abin hana barci ne. Nana A'isha ta ruwaito cewa Annabi (SAW) in zai kwanta yakan haɗa tafukansa ya tofa Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi, ya shafe jikinsa, sau uku. Ka yi alwala, ka kwanta ta ɓangaren dama, ka karanta Ayatul Kursiyyu. Lokacin da Nana Faɗima ta koka da wahalar niƙa ta nemi mai hidima, abin da ya koya mata da Sayyadina Ali shi ne in sun zo kwanciya su yi Subhanallah 33, Alhamdu lillah 33, Allahu Akbar 34. Ya tabbata kuma yana ƙin barci kafin isha'i da hira bayanta. Sannan ya roƙa wa al'ummarsa albarka a sammakonta, kuma sahabin da ya ruwaito wannan, Sakhrul Gamidi, ɗan kasuwa ne da ke tura hajarsa da sassafe, dukiyarsa ta yalwata. Ka ga shawarar malamar asibiti ba ta saɓa wa sunna ba. Abu ɗaya zan ƙara: ka yi zikirin don Allah da natsuwar zuciya. In ka gama kana jiran barci ya zo nan take, bai zo ba, sai ka ƙara shiga damuwa.

Hajiya mai sayar da atamfa:

Ɗana, ni lissafin dare ne ya kusa kai ni ƙasa bayan rasuwar maigidana. Abin da ya taimake ni littafi ne ɗan ƙarami. Bayan magariba in zauna in rubuta wanda nake bi, wanda ke bina, da abin da zan yi gobe a kan kowanne. In rufe in sa a jaka. In tunanin ya zo cikin dare sai in ce da shi an rubuta ka, sai da safe. Kuma ka zaunar da matarka ka faɗa mata halin da ake ciki game da kuɗin hayar. Kayan da mutum biyu suka kama ba ya karya wuya.

Mai tambaya, bayan mako uku:

'Yan'uwa na dawo in gode. Baba direba, washegari na je asibiti da kwalin. Likita ya tsara min yadda zan rage, yau kwana tara rabona da ita. Jinina ya ɗan hau, an ce in koma a sake aunawa. Anti, makon farko wallahi na sha wuya. Maiɗakina ce ke tashina, ranar farko har yayyafa min ruwa ta yi. Dare biyu na kai ƙarfe uku a tsakar gida ina jan carbi. Yanzu bakwai da rabi nake tashi, in raka yara makaranta a ƙasa, ƙaramar ce ke riƙe min yatsa. Goro ɗaya nake ci da hantsi. Yawanci sha biyu ba ta yi min ido biyu, ko da yake jiya na farka ƙarfe biyu na yi kusan awa ɗaya kafin na koma. Agogon yana falo. Hajiya, na sayi littafin, kuma mun yi maganar hayar. Mai shaddar na biya shi rabin kuɗin yadi, ya yafe sauran, Allah ya saka masa.

Abin da ke raina yanzu azumi mai zuwa ne. Ya zan yi da ɗinkin sallah?

Tela ɗan'uwanka daga Zariya:

Alhamdu lillah. Ni shekara uku ke nan ina rufe karɓar ɗinki ranar 10 ga azumi, ina kuma sanar da mutane tun Sha'aban. Na sayi ƙaramar sola da ke jan keke ɗaya da rana, ƙarfe ɗaya na dare nake rufe shago komai yawan aiki. Na rasa mutum biyar ko shida a shekarar farko, huɗu sun dawo. Ka fara tara kuɗin solar tun yanzu, in ka tashi saye ka yi min magana in faɗa maka ƙarfin batirin da zai ja kekenka.