Fentin asali ko sabon feshi? Neman shawara kan Mercedes 280 SL ta 1969

Sabon_Shiga ya rubuta:

Assalamu alaikum, manya. Ina neman shawara kafin a kwance ko noti ɗaya. Mercedes 280 SL ce ta 1969, wadda ake ce wa Pagoda, fara, ta fi shekara goma a rufe ba ta motsa ba. Fentin ya dushe, akwai tabon tsakuwa a hancinta, kujerar direba ta tsage a gefe, ga tsatsa a ƙasan but da wajen ƙafar direba. Injin yana juyawa da hannu, amma ba a tayar da shi ba tukuna. A ƙungiyarmu ta masu tsofaffin motoci kai ya rabu biyu. Wasu sun ce a kwance ta ɗaiɗai a mayar da ita sabuwa fil don shiga gasa, wasu sun ce a wanke ta kawai a lulluɓe, ko titi kada ta taka. Ni kuma hawa nake son yi. Me alƙalan gasa suke dubawa a zahiri? Kuma hawan zai rage mata daraja?

Mai_Duba_Maki ya rubuta:

Wa alaikumus salam, Malam. Kafin a yi maganar gasa, sai ka tabbatar fentin nan na asali ne, don duk shawarar a kansa ta rataya. Nemi na'urar auna kaurin fenti, ka auna wuri biyar ko shida a kowane ɓangare, ka rubuta. Fentin kamfani yawanci tsakanin maikuron 100 ne zuwa 180 (maikuron dubu ne milimita ɗaya). In ka ga 300 ko 400, an sake feshi. In ya tasam ma 1000, akwai bodi fila a ƙasa. Ka lura, a wannan motar bonet da murfin but da fatar ƙofofi duk alminiyam ne, na'ura mai aiki da maganaɗisu kawai ba za ta karanta su ba, sai wadda take auna ƙarfe iri biyu.

Sannan buɗe bonet ka dubi bakin madigadin gaba ta ciki. Na kamfani yana da jerin ɗigon walda ƙanana, ba su daidaita sosai ba. In wurin ya yi sumul, an canza madigadi ko an shafe shi da fila. A gefen kowace fitilar gaba, ta ɓangaren ciki, akwai wani ɗan tsagi a jikin kwano da yake haɗuwa da tsagin zoben fitilar. Masu feshi na gaggawa sukan cike shi ba su sani ba, kuma shi ne abin da masanin Pagoda yake fara kai ido. Lambar shasi ta 280 SL tana farawa da 113.044, ta inji da 130.983. Sashen tsofaffin motoci na Mercedes-Benz yana ba mai mota kwafin katin da aka cike ranar da ta bar masana'anta, a ciki akwai lambar inji, lambar launin fenti da ta kujeru. Ka gwada su da abin da ke jikin motar.

Yanzu alƙalai. Ba ma'auni ɗaya ba ne, kuma nan ne mutane suke kashe dukiya a banza. Ƙungiyar AACA ta masu tsofaffin motoci a Amurka, wadda aka kafa a 1935, tana fara wa kowace mota da maki 400, a duba waje, ciki, inji da shasi, sai a yi ta zaftarewa. Lambar yabo ta farko ta matakin ƙasa tana bukatar aƙalla 365, mataki na gaba 375. A tsarinsu, wanda ya wuce gona da iri wajen ƙyalƙyali ba a ƙara masa ba a rage masa, abin da ake ci wa tara shi ne kayan da ba na asali ba: ƙullin tiyo na zamani, batir mai tambarin yau, kan sukuru da bai dace da shekarar ba, kurom a inda kamfani ya sa ruwan tutiya. Kuma in babu abin kashe gobara a gefen motar, ba ma za a duba ta ba. Ƙungiyar masu motar Corvette ta NCRS ta fi haka tsanani, a wurinsu shasin da ya fi na kamfani sheƙi laifi ne, maki ake cirewa.

Amma waɗannan ƙungiyoyin suna da rukunin motocin da ba a taɓa sabuntawa ba. A AACA ana kiransa HPOF, kuma suna da wani rukuni daban na motocin da ake hawa. A nan dushewar fenti da tsagewar kujera ba aibi ba ne, shaida ce. A gasar Pebble Beach ta Kalifoniya, da ake yi tun 1950, motar da ta lashe babbar lambar yabo ta 2024 Bugatti Type 59 ce ta 1934 daga rukunin waɗanda ba a sabunta ba, da tabonta da komai, kuma wannan ne karon farko da hakan ya faru. A can ma akwai zagayen titi da ake yi kafin ranar gasa, in motoci biyu suka yi kunnen doki a rukuni, wadda ta kammala zagayen ita ake ba. Alƙalansu suna sa a tayar da inji, a kunna fitilu, a danna ham.

In fentin ya tabbata na asali, ra'ayina kada a fesa. An ƙera 280 SL guda 23,885, waɗanda aka sabunta a cikinsu suna da yawa, masu fatar kamfani kuwa kullum raguwa suke. Sabuntawa ko bayan shekara ashirin za a iya yi.

Baban_Gareji ya rubuta:

Malam Mai Duba Maki ya gama da fata, bari in shiga ciki. Masu cewa a lulluɓe ta a ajiye su ne za su kashe ta. Roba tana bushewa in mai bai taɓa ta ba, fistin birki yana kamewa, tankin da babu mai yana yin gumi ya yi tsatsa ta ciki. Ita kanta yarjejeniyar Turin ta FIVA, ƙungiyar tsofaffin motoci ta duniya, da ta fara aiki a 2013, ta ɗauki hawa a titi a matsayin wani ɓangare na adana tsohuwar mota.

Sai dai kada ka sa batir ka murɗa makulli. Wannan injin ba kafireta gare shi ba, famfon injekta ne na Bosch mai aiki da ƙarfe zalla, da ƙananan fistin shida a ciki. Tsohon fetur yana zama danƙo ya kama su. Akwai sandar da ke daidaita yawan mai a cikin famfon, dole a tabbatar tana tafiya tana dawowa da kanta. In ta maƙale, a jiƙa a yi haƙuri, kada a buga. Kuma kada wanda bai san famfon ba ya taɓa sukurorin saitinsa, gyaran gangar auzinawa za a yi, don sai a kan tebur na musamman ake mayar da shi daidai.

A sauke tanki a wanke, a canza matatar da ke ƙasansa da babbar matatar mai. Duk tiyon roba na fetur a cire, a sa mai lambar SAE J30 R9, domin fetur mai haɗin etanol yana cin tsohuwar roba, kuma a nan man da matsi yake tafiya, tsagewa ɗaya gobara ce. Famfon lantarki na kusa da tanki ya kamata ya ba da lita ɗaya cikin daƙiƙa 15. In bai kai ba, motar za ta tashi lafiya amma ta riƙa shaƙewa in ta yi zafi, a yi ta zargin filogi a banza.

A cire filogi shida, a zuba baƙin mai kamar cokali ɗaya a kowace silinda, a bari ya kwana, a juya da hannu. A buɗe murfin sama a shafa mai a kan kamshaf. A zuba sabon mai 20W-50 mai sinadarin ZDDP wajen 1000 zuwa 1200 ppm, saboda hancin kamshaf ɗin goga yake yi kai tsaye, mai na zamani da aka rage wa sinadarin ba ya kare shi sosai. Sai a juya da kik ba filogi har allurar matsin mai ta tashi. A auna matsin silinda, bambancin mafi girma da mafi ƙanƙanta kada ya wuce kashi 10 cikin 100.

Ruwan lagireto a zubar, a wanke, a zuba haɗin rabi da rabi na ruwa da sinadarin lagireto na tsohon salo mai silikat, a riƙa canzawa duk shekara biyu. Kan injin alminiyam ne a kan gangar ƙarfe, ruwan da ya mutu yana cinye hanyoyin ruwa a kan, kuma ba ka gani sai gasket ya ƙone. Abin daɗi ɗaya, mazaunin bawul ɗinsa mai tauri ne tun asali, fetur mara dalma ba ya damunsa.

Birki ba a ciniki a kansa: tiyon roba duka sabo, kalifa huɗu a kwance a sa sababbin robobi, masta a duba, man birki DOT 4, canji duk shekara biyu domin yana shan ruwa daga iska. Tiyon birki yakan kumbura ta ciki, daga waje lafiya lau, amma sai ya riƙe taya bayan ka ɗaga ƙafa. Taya kuma dubi lambobi huɗu na ƙarshen rubutun DOT da ke gefenta, mako ne da shekara, 2314 na nufin mako na 23 a 2014. In lambobi uku ne, kafin 2000 aka yi ta. Ko zanenta bai ci ba, in ta kai shekara goma a cire. Girman asali 185 HR 14 ne, har yanzu ana yin sa. Ƙafar gaba kimfin gare ta, wato sandar da taya take juyawa a kanta, tana da bakunan giris da yawa, a bi su ɗaya bayan ɗaya har sabon giris ya turo tsohon.

Bayan haka, tayar da ita minti biyar a gareji ya fi barinta illa. Ruwa ne yake taruwa a salansa da cikin baƙin mai, injin bai yi zafin da zai ƙone shi ba. Ko dai a fita tafiyar rabin awa aƙalla, sau ɗaya ko biyu a wata, ko a bar ta. In za a ajiye, a cika tanki, a sauke birkin hannu a sa waigi, a haɗa batir da ƙaramar caja mai kula da kanta.

Fanel_Bita ya rubuta:

Manya, ku yi mini afuwa, ina da ja kaɗan. Dushewar fenti daban, tsatsa daban. Pagoda ba ta da shasi na dabam, bodin ne yake ɗauke da kansa, kuma ba rufi mai riƙe ta. Tsatsar da ta ɓullo a wajen ƙafa yawanci daga cikin dogarin gefe, wato ƙarfen da ke ƙasan ƙofa, ta taho. A cire marufin ƙasan ƙofa, da sukuru aka ɗaure su, a dubi abin da ke baya. A duba kwarin fitilu, ƙafafun shasi na baya, da ramin da rufin yadi yake kwanciya. In sukudireba ta huda, wannan ya wuce adanawa, sai yanka da walda, da kwano mai kaurin na asali, baki da baki ba ɗora faci a sama ba. A tokare bakin ƙofofi da ƙarfe kafin a yanka, in ba haka ba motar za ta lanƙwashe, ƙofa ta daina rufuwa daidai. Alƙalin rukunin adanawa zai yafe gyaran ƙasa da aka yi don lafiyar mota. Ramin da aka rufe da baƙin kwalta kuwa, ruwa yake tarawa a bayansa.

Sabon_Shiga ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. To in an yi waldar ƙasa, fentin sama da kujerar fa, yaya za a yi da su ba tare da an ɓata asalin ba?

Mai_Duba_Maki ya rubuta:

Fentin farar mota na wancan zamanin ba shi da rufin garai-garai a sama, launin ne a fili. Goga ɗan man goge fenti da baƙin ƙyalle a wuri ɓoyayye, za ka ga fari ya biyo. Wato duk gogewa cin fentin take yi. Saboda haka da hannu za a yi, da mai mafi laushi, a manna tef a kan kusurwoyi da bakin ƙofofi inda ya fi siranta, kada injin gogewa ya kusance su. In ma'auni ya nuna ƙasa da maikuron 80 a wani wuri, a bar shi, kakin mota kawai za a shafa. Tabon tsakuwa a cire tsatsarsa da bakin allura, a ɗiga fenti da ƙaramin buroshi a cikin ramin kaɗai.

Ƙasan motar da ɗakin inji, kada a yi musu feshin yashi. Feshin busasshiyar ƙanƙara, mai sanyin kusan digiri 78 ƙasa da sifili, yana ɗauke maiƙo da datti ya bar fentin kamfani da ɗigon launin da ma'aikata suka sa a kan notoci, kuma alƙalai suna neman waɗannan ɗigon. Bayan walda a fesa kakin hana tsatsa cikin dogarai ta ramukan da ke akwai.

Kujera, a fara duba katin kamfani a ga fata ce ko MB-Tex, wato ledar Mercedes mai kama da fata. A kwance rigar, a sa ƙyalle mai ƙarfi ta baya a liƙe tsagar, a ɗinke ta bin tsofaffin ramukan allura. Abin da yawanci ya jawo tsagewar shi ne katifar ciki da ta ruguje, ita za a canza, in ba haka ba wurin zai sake buɗewa.

Duk abin da aka cire, har tsohon tiyo da ƙullinsa, a sa a leda a rubuta inda ya fito da kwanan wata, a ɗauki hoto kafin aiki da bayansa. A ranar gasa ka ajiye fayil ɗin a kan kujera tare da katin kamfani. In alƙali ya tambayi dalilin sabuwar walda a wajen ƙafa, hoton ramin za ka nuna masa. Tabon da tafiya za ta ƙara a hanci kuma, akwai tef na masu fenti mara ƙarfin danƙo da ake mannawa kafin doguwar hanya, a ɓare shi a hankali da zarar an isa, kada ya kwana a rana a jikin tsohon fenti.