Jami'a za ta iya koya wa yaran ƙauye sana'a kuwa?

Ɗan Darazo:
Salam 'yan uwa, ƙanina ɗan shekara 16 ya gama sakandare yana zaune gida, kullum sai gindin dalbejiya da waya a hannu. To na ga su jami'ar ATBU ta Bauchi da jami'ar Kashere ai suna koya wa ɗalibansu darasin kasuwanci, me zai hana lokacin hutu su shiga ƙauyuka su koya wa irin waɗannan yara? ko dole sai mai JAMB?

Maman Ilham:
Wallahi ka taɓo inda yake min ƙaiƙayi. 'Yata ta iya sabulun ruwa tsaf amma lissafi ne matsalar, ta sayar da jarka guda ta kashe kuɗin duka a anko, uwa da riba, sai ga ta tana neman jari wurina. Abin da ya kamata malaman su koya musu ke nan, yadda za ka ware uwar kuɗi daban, ka rubuta bashi a littafi ko da na kati ne, ba dogon turanci a allo ba.

Malamin Kumo:
Hajiya gaskiyarki, amma fa a yi da Hausa ko Fulatanci. Kuma a dubi abin da ke garin, yaron Dadin Kowa a koya masa busar da tumatir da kiwon kifi tunda ga dam nan.

Ɗan Darazo:
Na gode Malam. Kuɗin mota fa wa zai biya musu? Darazo zuwa Bauchi ba nan kusa ba ne.