Shawarwarin da aka bayar ga masu shigowa Kano da babur

Jama'a ga abin da na tsinta daga hirar da aka yi kan 'yan uwanmu masu shigowa Kano da babur daga Jigawa, Katsina ko Kaduna. Kusan kowa ya tsaya a kan magana ɗaya, wato gudun da ka saba a titin Haɗeja ka bar shi tun kafin Yankaba, domin cikin gari ɗan adaidaita sahu zai tsaya maka ba sigina, ga yara 'yan makaranta suna tsallakawa, kafin ka taka birki ka tsinci kanka a asibitin ƙashi na Dala.

Wani dattijo ya tuna mana tun 2013 aka hana acaɓa a birni, don haka baƙo ya yi hattara da goyo, lambar wata jiha ba ta wanke ka wajen 'yan KAROTA, wato jami'an hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta Jihar Kano. Takardun babur da lasisi su kasance a aljihu, hular kwano a ka ba a rataye a hannun babur ba, ni dai wannan ɗabi'a tana ban haushi wallahi. In an tsayar da kai kar ka arce, ka faka, in tara ce ka nemi rasit.