Wai in gwamnati yarjejeniya ce, mi za mu kira masu amsar haraji a daji?

Ɗalibi daga Mabera:
Salamu alaikum jama'a. Ina aji biyu sashen kimiyyar siyasa, satin ga anka koya muna wai asalin gwamnati yarjejeniya ce, mutane sunka yarda su bi mai mulki shi kuma shi tsare musu rai da dukiya. To abin ya tsaya min a rai, don ƙauyen kakannina can gabas bara sai da anka bi gida gida anka tara kuɗi anka kai ma 'yan bindiga kafin su bari a yanke gero, kuma da anka biya ba su taɓa kowa ba har anka gama kaka. In tsaro shi ne dalilin biyayya su ma gwamnati ne kenan? Don Allah a fidda ni duhu.

Malamin sakandare, Runjin Sambo:
Wa alaikumussalam ƙanena, tambayar ga ta yi. Masanin falsafa ɗan Ingila Thomas Hobbes ya fitar da littafinshi Leviathan a 1651, ya yi zamani da yaƙin basasar Ingila, shi ya sa tsoronai duk bai wuce a wayi gari ba mai tsawatarwa ba, kowa na farautar kowa. A wurinshi biyayya tana nan muddin mai mulki na iya kare ka, ranar da ya kasa ta faɗi, har ma yana ganin alkawarin da tsoro ya sa ka ɗauka alkawari ne. To ka ga ta nan maganarka ta samu ƙofa. Amma wani masanin falsafa, Rousseau, a littafinshi na 1762 ya kawo misalin ɗan fashi da ya tare ka cikin daji da bindiga, dole ka miƙa jakarka, amma in ka samu hanyar ɓoye ta ba wani haƙƙi da ya hau kanka, don ƙarfi ba ya zama gaskiya. Kuma ka duba, mutanen ga daga wa suke kare ƙauyen? Daga kansu ne fa. Su ne cutar, su ne masu sai da maganin.

Almajirin zaure, Kanwuri:
Allah shi gafarta Malam, ba sai mun tai Turai ba. Nan Gudu a 1804 bayan hijira daga Degel jama'a sunka yi ma Shehu Usmanu mubaya'a, hannu da hannu, bisa sharaɗin bin Alƙur'ani da Sunna, wanga ba ƙiyasi ba ne, abu ne da ya faru kuma wurin na nan. Cikin Kitabul Farƙi Shehu ya lissafa abin da sarakunan lokacin ke ɗora ma talakawa, jangali da kuɗin gari da kuɗin salla da gaisuwa, ya kira su zalunci, alhali masu amsar sarakuna ne da fada da tambari. In na sarki bai halatta ba don babu adalci cikinshi ina ga na ɓarawon shanu. Gare mu ba tsaro kaɗai ba ne, sai da shari'a da wurin kai ƙara. Wa za ka kai ma ƙarar mai bindiga in ya ƙara kuɗin baɗi?

Wata ma'aikaciyar jinya, Gawon Nama:
Malamai sannunku, ni dai abin da ke ci min rai daban ne. Yaushe aka tambaye mu? Masanin falsafa John Locke ya ce zamanka cikin ƙasa kana cin moriyarta yarda ce ko ba ka furta ba, wani masanin, David Hume, ya mayar masa a 1748 cewa talakan da bai da kuɗin tafiya bai jin yaren kowa ina za shi, to haka matan da nake gani sun gudo cikin gari da goyo da tabarma ɗaya suna kwana a kangon da ba a gama gini ba, ace sun yarda? Sashe na 14 na tsarin mulkin 1999 ya rubuta ƙarara tsaro da jin daɗin jama'a shi ne babban aikin gwamnati, kuma mulki na jama'a ne. Mu muna biyan namu, ana cire haraji a albashi kafin ma alat ya shigo, mun tsaya layin zaɓe cikin rana. Ɗaya ɓangaren, wato gwamnati, ne nake son a nuna min inda ake kai shi in ya saɓa.

Ɗalibi daga Mabera:
Na gode ƙwarai. Anti tambayarki zan kai ma malaminmu ran Litinin, in ya amsa zan kawo nan.