Lissafin gona da ambaliya a cikin aji

Malamin firamare, yankin Auyo:
Assalamu alaikum, malamai. Bayan ambaliyar 2022, da ɗaliban aji shida suka dawo, sai na ajiye misalan littafi na fita da su gonar makaranta da igiya mai ƙulli a kowace mita. Tsawonta mita 50 ne, faɗinta 40, kuma ruwa ya ci mita 10 daga faɗin. Yaran da suka shafe zango guda suna kokawa da kashi cikin ɗari, su da kansu suka gano cewa rubu'in gonar ya tafi, wato kashi 25. Ina son jin ko wasu sun gwada irin wannan.

Malamar ƙaramar sakandare, yankin Kura:
Wa'alaikumus salam, Malam. Ni da zakka nake shiga darasin, domin kowane yaro a nan ya san cewa abin da ruwan sama ya shayar ana fitar da ɗaya cikin goma, wanda kuwa aka shayar da injin ban ruwa, ɗaya cikin ashirin. Na ba su buhun shinkafa 60, suka fitar da 6 na damina da 3 na rani, ba tare da na taɓa allo ba. Sai wata yarinya ta tambayi hukuncin gonar da ruwan madatsar Tiga yake gangaro mata ta magudana babu inji, alhali ana biyan kuɗin ruwa. Gaskiya wannan ta fi ƙarfin lissafina, don haka na tura ta wurin malamin fiƙihu, amma tambayar ta fi amsoshin faranta mini rai.

Malami, yankin Babura:
Mu dalbejiya muka dasa saboda kwararowar hamada, guda 80. Duk wata yara suna ƙirga waɗanda suka rayu su zana jadawali, kodayake awaki sun fi mu saurin ragewa.

Shugaban makaranta mai ritaya, yankin Ringim:
Allah ya saka muku da alheri, sai dai ina da jan kunne. Na taɓa sa kowane ɗalibi ya faɗi buhunan da mahaifinsa ya samu a shekarar da kogi ya cika, sai wani yaro ya sunkuyar da kai ya yi shiru, ashe ko dami ɗaya ba su ɗauka ba. Kwana uku bai zo makaranta ba, har sai da na taka gidansu. Tun daga ranar, alƙaluman gonar makaranta ko na kasuwa kaɗai nake amfani da su.