Wace kalma za mu ba wa "Volunteer" a tarihin Ayilan?

Jama'a, ina rubutu a kan ƙungiyar Irish Volunteers, kalma ɗaya ta tsaya mini a wuya. A taimaka.

An kafa ƙungiyar ranar 25 ga Nuwamba 1913 a ɗakin taro na Rotunda da ke Dublin, Farfesa Eoin MacNeill ne shugaba. 'Yan Ulster, lardin arewacin Ayilan, masu son zama da Birtaniya sun riga sun haɗa tasu rundunar don hana Ayilan mulkin cikin gida, su kuma masu kishin ƙasa suka ga ba a fafe gora ranar tafiya. A Yulin 1914 suka sauke bindigogi 900 ƙirar Mauser a tashar jiragen ruwa ta Howth, kusa da Dublin, da rana tsaka.

To ga inda gizo ke saƙar. "Volunteer" sunan ƙungiyar ne, kuma muƙami ne. Wanda ba shi da igiya ko ɗaya a hannu, da shi ake kiransa, kamar yadda muke cewa Kofur Wane.

Da na tambayi yadda za a fassara shi da Hausa, da yawa kun ce ɗan sa-kai. Ma'anar ta yi daidai, ba musu. Sai dai yau idan ka faɗi haka a Zamfara ko Katsina, abin da zai zo wa mai sauraro shi ne mutum da bindigar toka yana gadin ƙauyensu. Waɗannan kuwa malaman makaranta ne da akawuna da leburori, masu fita atisaye bayan an tashi aiki. Patrick Pearse makaranta yake gudanarwa, Éamon de Valera lissafi yake koyarwa.

Wani dattijo, tsohon soja, ya rubuto: "Malam, ai kurtu ne, ko ka ce farabiti ka huta."

Baba, Allah ya ƙara girma. Kurtu bai gama horo ba. Farabiti kuwa muƙamin sojan Birtaniya ne, wanda suka yi wa tawaye, kuma mai cin albashi ne. Su ba sa karɓar ko sisi. Su ke biyan kuɗin ƙungiya, su sayi kakinsu, kuma a farkon lamari ƙuri'a suke kaɗawa su zaɓi hafsoshin kamfaninsu.

Wata malama ta kawo barde. Yana da daɗin faɗa, Malama, amma barde mahayi ne, jarumin fada, ya yi wa ƙaramin muƙami girma.

A harshensu sunan ƙungiyar Óglaigh na hÉireann, kuma óglach matashin mayaƙi ne. Wannan ya kai ni ga dakare, mai yaƙi a ƙasa. Kullum muna jin dakaru a rediyo, tilon ne muka yi watsi da shi. Saboda haka na tsaya a nan: ƙungiya Dakarun Sa-kai na Ayilan, mutum ɗaya Dakare Wane.

Kyaftin mai riƙe da kamfani da laftanar mataimakinsa ba su da rigima.

"Commandant" ne mai ɗan santsi. A sojan Ayilan na yau daidai yake da manjo, shi ya sa wasu suka ce a rubuta manjo. Ban yarda ba. A tawayen Ista na 24 ga Afrilu 1916, bataliya 4 na birged ɗin Dublin ne a cikin birnin, kowace da nata Commandant: Ned Daly, Thomas MacDonagh, de Valera da Éamonn Ceannt. Birtaniya ta zartar wa uku hukuncin kisa ta hanyar harbi a Mayu, de Valera ya tsira har ya zama shugaban ƙasa. Mai riƙe da bataliya guda, kwamanda ya fi dacewa da shi. Pearse kuma Babban Kwamanda.

Saura ɗaya. A Satumbar 1914 ƙungiyar ta dare gida biyu bayan John Redmond, jagoran 'yan majalisar Ayilan masu neman mulkin cikin gida, ya ce a shiga yaƙin duniya a ɓangaren Birtaniya. Mafi rinjaye suka bi shi da sunan National Volunteers, waɗanda suka tsaya da MacNeill ba su kai 14,000 ba. Na rubuta Dakarun Sa-kai na Ƙasa, amma ya yi kama da na farko da yawa, mai karatu zai rikice. Wa ke da wanda ya fi?